Ciwon hantsa: mene ne man ƙamshi na tsirrai yake iya yi, mene ne ba ya iyawa?

Jawabi ga makiyaya da manoma masu kiwo

Mun san kun baro aiki, saboda haka za mu shiga magana kai tsaye.

Maganar yau a kan ciwon hantsa take. Akwai labarin da yake yawo yanzu, a kasuwa da rediyo da cikin wayoyin yara, wai an samu wani mai da ake fiddawa daga tsirrai masu ƙamshi, wai yana warkar da hantsa, wai an huta da allura. Labarin yana da tushe, amma an ƙara masa gishiri. Mun zo mu rarrabe muku, don kada wani ya yi asarar saniya a kan jin ƙai.

1. Yadda ciwon yake kama saniya

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce. Kowane ɗaki da kan nononsa, kuma babu ƙofa tsakanin wannan da wancan. Shi ya sa za ku ga ɗaki ɗaya ya kumbura, sauran ukun lafiya lau.

Ƙwayoyin cuta ta bakin kan nono suke shiga. Bayan tatsa wannan ƴar kafa ba ta rufewa nan da nan, tana ɗaukar rabin awa ko fiye. In saniya ta kwanta cikin kashi da taɓo a wannan lokaci, an buɗe wa cuta hanya. Hannun mai tatsa yana ɗauko ta daga wannan saniya ya kai wa waccan. Ƙuda ma yana ɗauka. Cizon kaska, sukar ƙaya da gyambon ciwon baki da ƙafa, duk ƙofofi ne.

Ƙwayoyin da suka fi yawan haddasa ciwon iri uku ne. Akwai istafilokok, mai taurin kai, wanda yake gina wa kansa ƙulli cikin naman hantsa ya ɓuya. Akwai istireptokok, wanda wani irinsa yake bin hannu lokacin tatsa. Akwai kolibasil, na cikin kashi, wanda yake iya kwantar da saniya cikin yini guda.

Ciwon kuma fuska biyu gare shi. Na fili kowa ya san shi: hantsa ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, saniya tana harbi in an taɓa, madara ta fito da gudaji ko ruwa-ruwa ko jini. Na ɓoye shi ne ɓarawon. Hantsa ba ta nuna komi, madara fara tas, amma ƙwarya tana raguwa kullum, mai saniya yana ɗora wa rani laifi. A garke, na ɓoye ya fi na fili yawa nesa.

Mu yi lissafi. Saniyar da take ba da lita 4 a yini, in ɗaki ɗaya ya mutu, kusan lita 1 ta tafi. A wata 8 na tatsa, lita 240 ke nan. Kowa ya buga da kuɗɗin lita a kasuwarsu. Ba mu sa ramar maraƙi a ciki ba, ba mu sa faɗuwar darajar saniyar ranar da za a kai ta kasuwa ba.

2. Dalilin da ya sa ake neman wani magani

Antibiyotik babbar ni'ima ce. Tun da aka gano fenisilin a 1928, ya ceci mutane da bisashe ba adadi. Amma yana da sharaɗi: a ba da shi ga cutar da ta dace, da awon da ya dace, har kwanakin su cika. In an saɓa, ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu ƙarfi su rage, su hayayyafa. Gobe in an kawo maganin nan, ba ya kama su.

Ku duba abin da ake yi da oksitetrasiklin mai dogon aiki, wanda kuke kira oksi. Mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, awonsa mililita 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Saniya mai kilo 300 tana bukatar mililita 30, a raba shi wuri biyu ko uku. Amma sau nawa ake tsira mata mililita 5 a ce an yi magani? Wannan koya wa cuta kokowa ne. Ga kuma masu fasa ƙwayoyin ja-da-rawaya na mutane su dama da ruwa su ba dabba. Ga kwalaben da suka yini cikin rana a kan tabarmar kasuwa.

Abin bai tsaya ga shanu ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina kamawa. In aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka, wato yankinmu, shi ne ya fi kowa asara.

Akwai kuma ragowar magani cikin madara. Saniyar da aka yi wa allura, maganin yana fitowa ta madararta har ƴan kwanaki. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin mu faɗa: ki zuba madara ki rufe, gari ya waye ki tarar nono bai kwana ba, ya ƙi yin kindirmo. Maganin ne ya kashe ƙwayoyin kirki masu sa nono tsami. Tafasawa ba ta fidda shi duka. Wannan madara in yaro ya sha, ya sha magani ba da ciwo ba.

Saboda irin haka ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana zuba antibiyotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006, kuma daga Janairun 2022 suka hana ba garke shi haka kawai da sunan rigakafi. A Amurka, mai gonar da yake saida madara da shaidar cewa ba a sa wa shanunsa magungunan zamani ba, in ya yi wa saniya antibiyotik, dole ta fita daga wannan garke. Masu kiwon waɗannan ƙasashe su ne suka matsa wa masana su duba tsirrai. Can labarin ya samo asali.

3. Mene ne man ƙamshi?

In ka murza ganyen ɗaɗɗoya ko na itacen turare a hannu, ƙamshin da kake ji wani ɗan mai ne da tsiron yake ajiyewa don kare kansa daga ƙwari da cuta. Shi ne Nasara suke kira wil esansiyel. Mu za mu ce masa man ƙamshi.

Ga yadda ake fidda shi. A cika tukunya da ganye, a tura masa tururi. Tururin ya kwashe man, ya bi ta bututun da aka nutsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, man ya ware a kwashe. Ganye mai yawa ake ci kafin a samu kaɗan: a yawancin tsirrai kilo 100 ba ya ba da fiye da lita 1 ko 2. Shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma yake da ƙarfi ƙwarai. Ɗigo guda ya tara abin da ke cikin ganye mai yawa.

Kada a haɗa shi da waɗansu abubuwa. Man gujiya, man kaɗe da man dogon yaro matsa su ake yi, ba wannan iri ba ne. Ruwan ganyen da kuka dafa a gida shi ma daban ne. Turaren kwalba da man zafi na kasuwa kuwa haɗe-haɗe ne, ba a yi su don dabba ba. Ga gwaji mai sauƙi: ɗiga shi a kan farar takarda ka ajiye. Man ƙamshi na gaskiya yakan tashi ya bar takarda ba maiƙo. In tabon maiƙo ya zauna, an sirka shi da wani mai.

Waɗanda aka fi bincikawa su ne na kanumfari, kirfa, tim da origan, sai na itacen turare, na'ana'a da dangin tsaure. Kowane da sinadarinsa: ujenol a kanumfari, sinamaldehid a kirfa, timol a tim, karbakorol a origan. Aikinsu shi ne su lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar cuta, abin cikinta ya tsiyaye, ta mutu.

4. Abin da bincike ya nuna

A ɗakin bincike aikinsu ba shakka. A shuka istafilokok a faranti, a ɗiga man kirfa ko na tim, za a ga wurin ya share. A 2009 masana na jami'ar Kanetikat a Amurka sun gwada waɗannan sinadarai huɗu cikin madara, a kan ƙwayoyin da ke kawo ciwon hantsa. Duka huɗun sun kashe, na kirfa ya fi ƙarfi.

To, amma faranti ba hantsa ba ne. Ga inda gizo yake saƙa.

Na farko, madara tana da maiƙo, man ƙamshi kuwa maiƙo yake bi. Da ya shiga madara sai kitsenta ya riƙe wani kashi, ƙarfinsa ya ragu. Sai an ƙara awo kafin ya yi abin da ya yi a faranti.

Na biyu, cikin hantsa nama ne mai laushi kamar cikin ido. Awon da zai kashe cuta yana iya ƙona shi. Man kirfa, na origan da na kanumfari, in ba a sirka ba, ko fatar hannu suna ƙonawa. To ina ga cikin kan nono?

Na uku, hantsa kamar soso take, hanyoyi dubbai. In ta kumbura hanyoyin su toshe. Istafilokok da ya ɓuya cikin ƙulli, ko antibiyotik da ƙyar yake cim masa.

Na huɗu, tsiro ɗaya ba ya ba da mai iri ɗaya kullum. Ƙasar da ya fito, lokacin yanka da yadda aka ajiye, duk suna canza ƙarfinsa. Kwalba biyu masu suna ɗaya sai ka tarar ba su yi daidai ba.

Na biyar, shi ma yana fitowa ta madara. An auna an samu timol cikin madara bayan an ɗura shi a hantsa. Kun san yadda madara take ɗaukar warin abin da saniya ta ci. A Faransa, man ƙamshin da aka ba saniya don warkarwa doka tana ɗaukarsa magani ne sosai: sai da takardar likitan dabbobi, kuma madarar tana da kwanakin jira.

An yi gwaji a jikin shanu masu rai a ƙasashe da dama. Gwaje-gwajen ba su da yawa, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Wani ya ga kumburi ya sauka, wani bai ga bambanci ba. Har yau babu man ƙamshin da aka tabbatar yana share cuta daga hantsa yadda antibiyotik da ya dace yake yi.

Wani zai ce: "Ai maƙwabcina ya shafa, saniyarsa ta warke." Ba mu ƙaryata shi ba. Amma ku sani, ciwon hantsa marar tsanani, musamman na kolibasil, sau da yawa jikin saniya ne yake kashe shi da kansa cikin ƴan kwanaki, in ana tatse ɗakin. Kuma saukar kumburi ba ita ce warkewa ba. Na fili yakan koma na ɓoye, ya zauna yana bin hannu zuwa sauran shanu. Don haka masana suke raba shanu kashi biyu, a yi wa waɗansu a bar waɗansu, a auna madarar duka kafin da bayan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

5. Inda yake da amfani, da inda ba a kai shi

Wurin man ƙamshi a bayan hantsa ne, a kan fata, a matsayin taimako. A Turai ana saida man shafawa mai na'ana'a don murza hantsar da ta yi tauri. Murzawar da ɗumin suna taimaka wa madara ta sauko, saniya ta ji sauƙi, a samu tatse ɗakin sosai.

Wanda ya samu na gaskiya daga farmasin dabbobi, ga ƙa'idodi:

– A sirka. Ƙaramin cokali 1 na man na'ana'a ko na itacen turare cikin ƙaramin cokali 20 na man kaɗe ko man gujiya mai tsabta.

– A fara gwadawa a ɗan wuri. In fata ta yi ja ko ta tashi, a bari.

– A shafa bayan tatsa, bayan maraƙi ya gama sha, a jikin ɗakin da ya yi tauri. Ban da kan nono, ban da inda ke da rauni.

– Man kirfa, origan, tim da kanumfari, kada makiyayi ya taɓa su sai da ma'aikaci a tsaye.

– A wanke hannu, a ɓoye kwalbar inda yara ba su kai. Cokali guda na man itacen turare yana iya halaka ƙaramin yaro.

Babbar ƙa'ida kuwa, ku riƙe ta da kyau: kada a ɗura komi cikin kan nono. Ba man ƙamshi ba, ba ruwan tafarnuwa ba, ba ruwan sassaƙe ba. Kada a zura kara ko gashin kaza ko sirinjin da aka yi wa wata dabba allura da shi. Duk abin da ya shiga nan ba a tsabtace ba, sabuwar cuta ya kai. Ɗakuna da yawa ba ciwon farko ne ya kashe su ba, abin da aka ɗura ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

6. Lokacin da ba a jira

Zafin jikin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Ku nemo ma'aikacin kiwo ko mataimakinsa na ƙauye a ranar, ba gobe ba, in kun ga ɗaya cikin waɗannan:

– saniya ta daina ci, ta daina tuƙa, jikinta ya yi zafi, ko ta kwanta ta kasa tashi;

– madara ta koma ruwa rawaya, ko jini, ko mugunya mai wari;

– hantsa ta yi sanyi, ta fara yin shuɗi ko baƙi. Wannan ruɓa ce ta fara, ran saniyar ake magana;

– ciwon ya zo a kwanakin farko bayan haihuwa;

– an yi kwana biyu ana tatsewa, babu sauƙi.

A nan babu zancen shafe-shafe. Ma'aikaci zai zaɓi magani, ya auna nauyi, ya faɗa muku kwana nawa. Ku cika kwanakin ko da kun ga sauƙi. Ku tambaye shi ranar da madara za ta koma ƙwarya, don kowane magani da nasa kwanakin jira, a rubuce a jikin kwalba, waɗansu ma ba a yarda a yi wa saniyar tatsa su ba. Kafin ranar ta cika, madarar ba ta sha ba ce, ba ta kasuwa ba ce, ba ta cuku ba ce. In ciwo ya yawaita a garke ya ƙi jin magani, ana iya ɗibar madara a kai Labocel a Yamai, a gano ƙwayar da maganin da yake kama ta.

Tsohuwar saniyar da ciwo yake dawo mata sau uku, sau huɗu, hantsa duk ƙullalai, magani ba zai gyara ta ba. Ita ce rijiyar da sauran suke ɗiba. A yi haƙuri a kiwata ta a fidda ta.

7. Abin da ya fi rage allura

In nufinmu mu rage antibiyotik, hanyar tana hannun mai tatsa, kuma ba ta cin kuɗɗi sai sabuni.

– A wanke hannu da sabuni kafin tatsa, da kuma bayan an taɓa saniya mai ciwo. A yanke farce.

– A goge kan nono ya bushe. Tsumma ɗaya ga garke duka shi ne motar cuta. In tsumma za a yi amfani da shi, kowace saniya da nata, a wanke da ruwan jabel a shanya a rana.

– A daina jiƙa hannu da kumfar madara don santsi. A daina shafa kashin shanu a kan nono don hana maraƙi sha. A raba su da shinge ko igiya.

– Tsirkiyar farko ta kowane kan nono a zuba ta cikin baƙin akushi, ba a ƙasa ba. A kan baƙi ƙaramin gudaji ma yana nunawa. Wanda ya gani da wuri, shi ke ceton ɗaki.

– A fara da karsana masu haihuwar fari, sai manya masu lafiya, mai ciwo daga ƙarshe. Madarar ɗakin da ke ciwo a tatse ta sau da yawa a yini, cikin wani kwano daban, a zubar a rami a rufe.

– Bayan tatsa a bar maraƙi ya tsotse ragowar uwarsa, amma kada ya bi shanu yana sha nan da can.

– A ba saniya ƴar dusa ko harawa da an gama, don ta tsaya a tsaye har kafar kan nono ta rufe.

– A kwashe kashi daga makwanci, a canza wurin turke in ya jiƙe, musamman da damana. Takin ya tafi gona, can yake da amfani.

– A cire kaska daga hantsa, a wanke rauni.

– Kafin ka biya kuɗɗin saniya a kasuwa, ka lalubi hantsarta, ka tatsi kan nono huɗun.

Na ɓoye kuma akwai abin gano shi. Faranti ne mai gurbi huɗu, kowane ɗaki da nasa. A tatsa kaɗan, a zuba wani ruwan gwaji, a juya. In ɗakin yana da ciwo sai madarar ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ana kiransa gwajin Kaliforniya, tun 1957 ake aiki da shi, kuma minti guda ya isa saniya ɗaya. Ku nemi ma'aikacin yankinku ya yi muku shi. Masu kai madara wuraren tattarawa irin na Hamdallaye da Kollo sun san ana auna ta kafin a karɓa, kuma bidon da aka mayar asarar yini ce. Ƙungiyar makiyaya tana iya haɗa kuɗɗi ta sayi farantin nan guda, ya ishi ƙauye.

Madarar da za a sha a gida kuma a tafasa ta, saboda tarin fuka da ciwon ɓari da suke bin ɗanyar madara daga saniya zuwa mutum.

Jama'a, mu taƙaita. Man ƙamshi yana kashe cuta a faranti, masana suna nan suna aiki a kansa, kuma ranar da aka samu wanda aka tabbatar, mu ne za mu fara kawo muku labari. Kafin nan, wurinsa a kan fata ne, a sirke. Saniyar da ciwo ya kwantar, antibiyotik take bukata, cikakke, daga hannun wanda ya san awo. Saniyar da ke da lafiya kuwa, sabuni da busasshen makwanci take bukata. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba, musamman mata da yaran da ke tatsa, don aikin a hannunsu yake. Mai tambaya ya yi, muna nan har la'asar. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare mana dukiyarmu, shi cika ƙwarya.